SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO (1781-1837): SARKI, MALAMI, MAI NEMA WA JAMA'A MAGANI

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta tarihin wani bawan Allah daga cikin magabata, ban yi dogon tunani ba na zaɓi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ke kwance a Wurno. 'Yan ajinmu za su tuna ranar da malaminmu na tarihi, Allah ya jiƙansa, ya loda mu a motar makaranta muna aji uku, ya kai mu ziyara hubbarensa. A lokacin nan abin da ya dame mu shi ne haddace shekarun yaƙe-yaƙe saboda jarrabawa. Sai bayan da na shafe shekaru ina aikin kiwon lafiya a ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Raba da Goronyo sa'an nan na san cewa wannan sarki ya zauna ya rubuta littattafai a kan basir, da tsutsar ciki, da ciwon ido. Wannan ɓangare na rayuwarsa nake so in jawo hankalinmu a kai, amma bari in fara daga farko.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, wato 1195 bayan Hijira. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a gidan ilimi, ya yi karatu a wajen mahaifinsa, da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da wansa Muhammadu Sa'adu, da sauran malaman jama'ar Shehu a Ɗagel. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a cikin Fabrairun 1804. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808. Shekarun nan ba na nasara kaɗai ba ne. Jama'a ta sha yunwa da cututtuka a sansanoni, kuma a Tsuntsuwa an rasa malamai da mahaddata masu yawa. Ke nan tun yana saurayi ya ga yadda rashin abinci da rashin magani suke kashe mutanen da takobi bai kashe ba.

A 1809 ya kafa birnin Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, kuma a wannan shekara ce ya kammala Infakul Maisuri, littafin da har gobe masu nazarin tarihin ƙasar nan ba sa rabuwa da shi. Da Allah ya yi wa Shehu rasuwa a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe sarautar Sarkin Musulmi shekara ashirin. Mulkin bai zo masa da sauƙi ba, domin tun a shekararsa ta farko ya fuskanci tawayen Abdussalami a Kware, sa'an nan Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa ba su bar shi ya huta ba, har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836. Saboda haka ya ɗauki dabarar gina ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma da masu sana'a. Ya kuma riƙa jan hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya domin 'ya'yansu su sami karatu. Wurno, wadda ke bisa tudu tana kallon fadamar gulbin Rima, ita ce ribaɗin da ya zaɓa wa kansa, kuma nan ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa.

To, a cikin wannan ɗawainiya ta mulki da yaƙi ya rubuta littattafai da wasiƙu fiye da ɗari, kuma da dama daga cikinsu a kan ilimin magani suke. Akwai na gaba ɗaya, kamar Almawaridun Nabawiyya, wanda ya tattara mas'alolin magani daga koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuma Ujalatur Rakibi. Akwai kuma waɗanda ya keɓe wa cuta guda: Alƙaulul Mansuru a kan basir, Tanbihul Ihwani a kan magungunan tsutsar ciki, Masugul Lujaini a kan ciwon ido, da wata risala a kan cututtukan ƙoda. Har ganye guda ya yi wa littafi, wato Alƙaulus Sana, a kan yadda ake wanke ciki da filasko. Yawancin abin da ke ciki ya tsamo shi ne daga littattafan likitocin Musulunci na da, ya taƙaita, ya tsara yadda almajiri zai iya kwafa ya tafi da shi garinsu.

Ranar da na fara ganin jerin sunayen littattafan nan dariya ta kama ni, domin kamar an buɗe rajistar ƙaramin asibitin da nake aiki ne. Basir, tsutsar ciki, ciwon ido, kumburin ciki, su ne dai koke-koken da ake kawo mini kowace safiya. A nawa ganin, mutum ba ya zaɓen irin waɗannan cututtuka sai in yana sauraren masu fama da su. Basir ba ciwon da ake faɗa a bainar jama'a ba ne, amma Sarkin Musulmi bai ga ya fi ƙarfin ya ɗauki alƙalami a kansa ba. Mara lafiya ya faɗi abin da ke damunsa, malami ya shiga littattafai ya bincika, sa'an nan mai ba da magani ya karɓa ya yi aiki da shi.

Bai tsaya ga rubutu ba, ya kuma ɗora wa masu mulki nasu nauyin. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya sa masu magani a cikinsu, kuma ya ce a rarraba su ga kowane gari da kowace unguwa. Ku duba fa, wannan magana an yi ta fiye da shekara ɗari da hamsin kafin taron Alma Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da inda mutane suke zaune.

Wani abin da ya burge ni shi ne bai ƙyamaci ilimin baƙo ba. A cikin Maris na 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Kilafaton, ya iso Sakkwato daga Barno. Likitan da suka taso tare ya riga ya rasu a hanya kusa da Katagum. Sun tattauna a kan ciniki da kuma batun hana fataucin bayi, wanda shi ne babban abin da Ingila take nema, domin a zamanin nan bauta tana nan a ƙasarmu. A cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. An kuwa turo likitoci biyu tare da Kilafaton a tafiyarsa ta biyu, wadda ya biyo ta bakin teku, amma ba wanda ya iso Sakkwato daga cikinsu. Shi kansa Kilafaton ya tarar ana rikici tsakanin Sakkwato da Barno, aka hana shi wucewa, ciwo ya kama shi, ya mutu a cikin Afrilun 1827. Da haka wannan buri ya wargaje, amma ya isa shaida cewa sarkin yana son a haɗa abin da aka sani a gida da abin da wasu suka sani.

Ba shi kaɗai yake wannan aiki a gidansu ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insani a kan gyaran addini da gyaran jiki. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta rubuta Tabshirul Ihwani a 1839 a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, ita ce kuma ta tsara 'Yan Taru, inda jajojinta suke kai karatu ga matan ƙauyuka waɗanda malamai maza ba sa isa gare su. Wanda duk ya yi aikin rigakafi a karkara ya san cewa in saƙo bai shiga cikin gida ta bakin mace ba, to bai shiga ba.

Allah ya yi wa Muhammadu Bello rasuwa a Wurno a cikin Oktoban 1837, bayan jinya ta watanni, aka binne shi a can. Ɗan uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Daga zuriyarsa aka sami Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Raba, domin kakansa Sarkin Musulmi Abubakar na Raba ɗan Bello ne.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa tarihin nan yake taɓa ni. Farkon kama aikina an tura ni wani ƙauye a bakin fadama, ina ji da satifiket, ina ganin wanzamai da ungozomai da masu saiwoyi abokan gaba ne. Na taɓa yi wa wani dattijo mai magani faɗa a gaban mutane. Tun daga ranar ya daina turo mini kowa. Bayan 'yan watanni aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara huɗu wadda ciwo ya fara mata daga dasashi har ya huda kumatu. Kwana goma tana hannunsa, kuma uwar ta shaida mini cewa tsoron faɗana ne ya hana su zuwa da wuri. Yarinyar ba ta yi rai ba. Da na riƙe dattijon nan da mutunci, na nuna masa alamun da in ya gani zai turo nan take, ina kyautata zaton da labarin ya sāke. Bayan wannan na koma ina zuwa gaishe shi, ya zama shi ne mai fara sanar da ni in baƙon dauro ya ɓulla a wata unguwa.

Ciwon da ya kashe yarinyar likitoci suna kiransa noma, ba kuwa noman gona ba. Yana kama yara masu tamowa, kuma in an tare shi da wuri maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da shi. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu wannan ciwo a Sakkwato, kuma daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo ana aiki tare. Masu bincike sun bi ƙauyuka suna tambayar iyaye da masu maganin gargajiya yadda suke ganin ciwon, waɗanda suka warke kuma suka kafa ƙungiyarsu, suka tsaya a gaban manyan taruka suna ba da labarin kansu. Da wannan haɗin gwiwa, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Haka kuma ba a kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga ƙasar nan a 2020 ba sai da sarakuna da malamai da masu fama da shan innar kansu suka shiga fagen wayar da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa a koma ana auna magani daga littattafan 1830. Ilimin likita ya yi nisa tun daga wancan zamani, kuma mara lafiya asibiti ya kamata ya nufa. Abin da nake so mu ɗauka daga Bello shi ne tsarin: a saurari mai ciwo, a bincika, a rubuta a taƙaice, a kai mai magani kusa da jama'a, shugaba kuma ya ɗauki abin a matsayin aikinsa. Fadamar da take ba mu albasa da tafarnuwa da shinkafa a Wurno, da madatsar ruwan Goronyo da aka gama ginawa a 1984, su ne kuma suke raya sauro da tsargiya. Yaran da ke wanka a magudanan nan su suka san ranar da suka fara fitsarin jini, amma sau nawa ake tambayarsu?

A cikin ƙungiyarmu akwai likitoci da nas-nas, akwai malaman jami'a, akwai hakimai da kansiloli, akwai kuma da yawanmu da shekaru suka mai da mu masu jinyar hawan jini da ciwon suga. Duk ɓangarorin da ake bukata muna da su a zaure ɗaya. Shawarata ita ce a taronmu na shekara mai zuwa mu zaɓi ƙaramin asibiti guda a kowace daga cikin ƙananan hukumomin Wurno da Raba da Goronyo, mu je mu zauna da ma'aikatansa da ungozomai da wanzamai da iyaye mata, mu ji ta bakinsu kafin mu sayi ko da kwalin magani ɗaya. Ni dai na sa sunana na farko.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.