Tarihin Marigayi Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi

Ƙasarmu ta Zamfara Allah ya albarkace ta da manyan makaɗan fada. Akwai Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da Sa'idu Faru. Waɗannan uku duk kotso suke kaɗawa. Amma wanda nake so in ba 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu tarihinsa shi ne Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi. Na zaɓe shi ne domin garuruwan da ya zauna su ne garuruwan da yawancinmu muka fito, wato Bunguɗu da Tsafe da Gusau, ga shi kuwa kaɗan ne daga cikinmu suka san labarinsa.

An haifi Salihu Jankiɗi a Rawayya, cikin ƙasar Bunguɗu. Masu tarihin makaɗa sun ce wajen shekarar 1852 ne, tun Turawa ba su zo ba. Kiɗa gadonsa ne, a gida ya tashi ya tarar ana yi. A wancan zamani ɗan makaɗi ba ya fara da waƙa. Sai ya yi shekaru yana ɗaukar kayan kiɗa, yana bin manya, yana saurare. Daga nan a ba shi abin kiɗa ya riƙe, sa'an nan ya shiga cikin 'yan amshi. Wanda ya jure wannan horo shi ke zama shugaba wata rana.

Makaɗin fada sai da ubangida. Saboda haka Jankiɗi ya yi zama a wurare da dama. Ya zauna Bunguɗu, garin Sarkin Fulani. Ya zauna Tsafe, a fadar 'Yandoto. Daga baya ya komo Gusau wajen Sarkin Katsinan Gusau Muhammadu Mai'akwai, wanda ya yi sarauta daga 1929 zuwa 1943. Lokacin nan Gusau tana kan bunƙasa, domin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, kamfanonin Turawa suna sayen gyaɗa da auduga, baƙi sun cika gari. A 1938 kuma aka turo Sardauna Ahmadu Bello ya zauna Gusau yana duba gundumomin gabashin Sakkwato. Makaɗin da ya yi fice a irin wannan gari, ba a daɗewa sunansa ya kai nesa.

Haka kuwa aka yi. Bayan zamanin Mai'akwai, Jankiɗi ya koma Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gadon sarauta a 1938. Can aka naɗa shi Sarkin Taushi. Ga makaɗin sarauta a ƙasar Hausa babu matsayin da ya wuce wannan. Ya yi wa Sarkin Musulmi waƙoƙi masu yawa, ya kuma yi wa Sardauna.

To, mene ne taushi? Wani abin kiɗa ne da ake sassaƙawa da itace, bakinsa ɗaya, a rufe shi da fata. Ba a sa masa makaɗi kamar kalangu, da hannu ake buga shi. Muryarsa ba ta da kaifi, tana fita a hankali, ƙasa-ƙasa, shi ya sa ba ta danne maganar mai waƙa. Kuma ba kowa ake yi wa kiɗan taushi ba, na sarakuna ne da manyan 'yan sarki.

Ƙungiyar kiɗan taushi tana da tsari. Shugaba shi ke jan waƙa. 'Yan amshi suna kaɗa taushi, suna karɓa masa, wani lokaci su ƙarasa maganar da ya faro. Akwai kuma sanƙira, mai ɗaga murya yana kirari, yana sanar da jama'a kyautar da aka yi. Aikinsu ba ya yankewa: ga hawan salla, ga naɗin sarauta, ga bukin 'ya'yan sarki, ga rakiya in an fita rangadi. Abin da aka samu, ko doki ne ko riga ko hatsi ko kuɗi, shugaba ke rabawa. In bai yi adalci ba yaransa su watse, domin ciki da yunwa ba ya amshi. Waƙar kuwa ta ƙunshi yabon sarki, da ambaton iyaye da kakanninsa, da zuga, da habaici ga masu ja da shi.

Akwai abin da ya ƙara sa ni girmama waɗannan mutane. A ƙungiyar kiɗa ta makarantarmu ni ke riƙe da jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes. Tsirkiyarta huɗu ce, ana haɗa ta da lasifika, kuma wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da irin wadda ta bazu a duniya a 1951. Mai kaɗa ta a baya yake tsayawa kusa da mai ganga. Ba shi ake tafa wa ba, amma in ya yi sauri ko ya yi nawa, waƙa ta wargaje. Da na saurari tsofaffin waƙoƙin Jankiɗi sai na ji aikin 'yan amshinsa ke nan. Su ke riƙe da ƙasan waƙa, shugaba ya tafi duk inda ya ga dama ya dawo ya same su daidai. Bambancinmu da su, hannu yana kiɗa, baki yana amshi, kuma duk dogayen waƙoƙin nan a ka suke, babu takarda.

Jankiɗi ya yi tsawon rai ƙwarai. Yana da shekara wajen hamsin Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ya ga samun mulkin kai a 1960, ya ga rasuwar Sardauna a 1966. Allah ya yi masa rasuwa a 1973, yana da shekara fiye da ɗari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta littafi guda a kansa, ya kamata a sa shi a ɗakin karatunmu.

A nan ina da roƙo guda biyu. Ga 'yan'uwana masu sha'awar kiɗan zamani, kada son jita da fiyano ya sa mu raina taushi da kotso. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga iyayenmu kuma, tsofaffin da suka ga Jankiɗi da idonsu sun kusa ƙarewa, kaset-kaset ɗin da ke cikin akwatuna suna lalacewa. In mun zo hutu a haɗa mu da su mu rubuta abin da suka sani, a ba mu kaset ɗin mu juye su a waya tun ba su mutu ba. A cikin waƙoƙin nan akwai sunayen sarakunanmu da garuruwanmu, da Hausar kakanninmu wadda ba a jin irinta yanzu a kasuwa.

Allah ya jiƙan Salihu Jankiɗi, ya gafarta masa, amin.