Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da Ya Ɗaukaka Sunan Zazzau

Duk Bazazzagin da ya taɓa yin salla a tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya tsaya a ƙarƙashin aikin Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ne ya gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Kayan aikinsa su ne waɗanda ƙasarmu ta tanada: tubali, da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, da azara ta itacen giginya wadda gara ba ta cika cinta ba. Sai dai azara guda ba ta iya ratsa ɗaki mai faɗi ba tare da ta lanƙwashe ba. Dabarar magina ita ce a jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Babban Gwani ya kai wannan dabara matuƙa. Ya ɗora tulluwa bisa bakan gizo, ya sauke nauyinsu kan manyan ginshiƙai, sannan ya ƙawata su da zane. Wannan lissafin nauyi shi ne ainihin abin da injiniyoyin gini ke karantawa a jami'a.

Sunansa ya kai sauran masarautu, har a fadar Bauchi akwai soron da ake kira Babban Gwani. Labarin da ake bayarwa a baka shi ne, a Birnin Gwari aka kashe shi bayan ya kammala wani masallaci, don kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. A birninmu kuwa, akwai unguwar da ke ɗauke da sunansa.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabon gini na siminti. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Abin tambaya gare mu mazauna Kaduna da Abuja da Legas shi ne, wa zai gaji wannan ilimi? Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da zanen gini da fasahar gini har zuwa digiri na uku, ga ta nan a ƙofar gidanmu. Tsofaffin sorayenmu suna rushewa duk damina, masu gyaransu kuma suna ƙarewa. Ya kamata mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu gwiwa su zurfafa karatu a wannan fanni, su zauna da tsofaffin magina tun suna raye, su rubuta abin da ke hannunsu.

Allah Ya jiƙan Babban Gwani, Ya ba mu masu gadonsa.