Abu Yusuf, alƙalin da bai manta da 'yan kurkuku ba

Ran da na kai wa ƙanina tuwo gidan yari, Abu Yusuf ne ya faɗo min a rai. Mutumin Kufa ne, ya tashi cikin talauci, ya yi karatu gun Abu Hanifa, har ya zama alƙalin alƙalan Haruna Rashid a Bagadaza. Can ya rasu a 798.

Cikin Kitabul Kharaj ya shawarci halifa a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, a daina fito da su cikin sarƙa suna bara. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na kuɗin abinci: dirhami 10 duk wata, kowa a hannunsa. Dalilinsa kuwa, in gurasa ce, masu gadi za su wawushe tun a ƙofa.