Marigayi Rabilu Musa Ibro (1971-2014)

Kafin zuwan bidiyo, 'yan kama ne ke ba mu dariya a kasuwannin Karaye da Rogo. Rabilu Musa, haifaffen Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, ya ɗauko irin wannan barkwanci ya shigar da shi fim. Ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, amma bai riƙi alli ba, aikin gandiroba ya kama. Sau da yawa yakan fito a baƙauyen da birni ya ruɗa, ruɗewar da duk wanda ya bar Jajaye cikinmu ya taɓa ɗanɗanawa. A 2008 kotu ta ɗaure shi wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko, tsohon gandiroba ya koma fursuna. Ya rasu a Disambar 2014. Allah ya gafarta masa.