Wiliyam Shekspiya da Mutuwar Manya

An haifi Wiliyam Shekspiya a garin Sitiratfod, cikin ƙasar Ingila, a shekara ta 1564. Ubansa baduku ne mai ɗinkin safar hannu. Yana da shekara 18 ya yi aure, aka haifa masa 'ya, sa'an nan tagwaye. Daga baya ya tafi Landan, ya shiga jama'ar masu wasan kwaikwayo, yana yi tare da su, yana kuma rubuta musu abin da za su yi. Cikin 1596 ɗansa Hamnet ya rasu yana da shekara 11. Bayan kamar shekara huɗu ya rubuta wasan Hamlet, kusancin sunayen nan kuwa ya kan tsaya mana a rai.

To, 'yan'uwa, wasanninsa na baƙin ciki duk da mutuwa su ke ƙarewa. Da fari mun zaci yawan gawawwaki shi ne magana, gama a ƙarshen Hamlet sarki da sarauniya da Layatis da Hamlet kansa duk suna kwance. Ashe ba nan ta ke ba. Ku dubi Juliyas Kaisar: a tsakiyar wasa aka soke shi, amma wasa bai watse ba, domin nauyin labarin yana wuyan Burutus, mutumin kirki wanda ya yaudari kansa, har ya faɗa kan takobinsa a Filibi. Watau mutuwar da ake nufi ita ce ta babban mutum wanda halinsa ya ja shi zuwa kabari muna gani. Makbes ya kashe sarkin da ya sauka gidansa saboda kwaɗayin sarauta. Otelo ya saurari magulmaci, ya kashe matarsa, kana ya kashe kansa. Mun san alhaki ne ya kama su, duk da haka muna jin tausayinsu.

Wadda ta fi yi mana wuya ita ce Kodiliya, autar Sarki Liya. Ba ta yi laifin kome ba, sai ga tsoho ya shigo rungume da gawarta. Turawa ma abin ya yi musu zafi, har cikin 1681 wani marubuci, Nahum Tet, ya sāke ƙarshen, ya raya ta, ya yi mata aure, aka yi ta wasa haka wajen shekara 150. Mu dai muna bayan Shekspiya. In ta rayu, wautar da Liya ya yi ran da ya kore ta ba ta ci masa kome ba ke nan.

Shi kansa ba a fagen fama ya mutu ba. Ya koma garinsu da wadata, ya rasu ran 23 ga Afrilu, 1616, yana da shekara 52. Cikin 1623 abokan wasansa biyu suka tara wasanninsa 36 cikin littafi guda. Makbes da Juliyas Kaisar a nan aka fara buga su.