Funmilayo Ransome-Kuti: Dattijuwar da tsufa bai rufe mata baki ba

An haifi Funmilayo a Abeokuta ranar 25 ga Oktoba, 1900, a gidan Kiristoci masu ilimin boko. Ita ce mace ta farko da aka ɗauka a makarantar Abeokuta Grammar School, kuma a 1919 ta tafi Ingila ƙaro ilimi. Da ta dawo ta kama koyarwa, a 1925 kuma ta auri Israel Oludotun Ransome-Kuti, malamin makaranta kuma limamin coci. Da ta so, da ta ƙare rayuwarta cikin rufin asiri da girmamawa irin ta manyan gari.

Amma ba wannan hanya ta zaɓa ba. Ƙungiyar matan 'yan boko da ta kafa ta buɗe ƙofarta ga matan kasuwa waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, har a 1946 ta rikiɗe ta zama Ƙungiyar Matan Abeokuta. Funmilayo ta ajiye tufafin Turawa ta koma na Yarabawa, ta riƙa jawabi da harshen da 'yan kasuwa ke ji. Dubban mata suka bi ta suna zanga-zanga kan harajin da aka ɗora musu, har Alake Ademola na Biyu ya sauka daga karaga a 1949, ko da yake ya koma daga baya. Labarinta ya kai Arewa, Gambo Sawaba ma ta yi tattaki zuwa Abeokuta don ganawa da ita.

Wannan zaɓi ya jawo mata tsangwama. Mijinta ya rasu a 1955. Bayan ta ziyarci Sin a 1956, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙi sabunta mata fasfo, Amurka kuma ta hana ta biza bisa zargin kwaminisanci. Jam'iyyarta ta NCNC ta hana ta tikitin takara a 1959, da ta tsaya da ƙafarta aka kore ta.

Al'ada na son tsohuwa ta koma gefe, ta yi ta sa wa jikoki albarka. Funmilayo kuwa ta tsaya bayan ɗanta Fela, mawaƙin da ke caccakar mulkin soja, a lokacin da mutane da dama ke yi masa kallon fanɗararre. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka afka wa gidansa da ke Legas, suka jefo ta daga tagar bene tana da shekara 76. Ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu ranar 13 ga Afrilu, 1978.

Yau an fi tuna ta a matsayin mahaifiyar Fela, ko macen da ake cewa ta fara tuƙa mota a Najeriya. Duka biyun sun yi mata kaɗan. Matan Abeokuta sun fi kowa sanin ko wace ce ita, domin a dalilin gwagwarmayar da ta jagoranta aka soke musu harajin, suka kuma samu kujeru a majalisar garinsu.