Dorothy Andersen: Likitar da Ta Gano Cutar Sistik Faiburosis

Gabatarwa

A tarihin likitanci akwai mutanen da sunansu bai bazu a bakin jama'a ba, alhali kuwa aikinsu ya tsawaita rayuwar dubban yara. Ɗaya daga cikinsu ita ce marigayiya Dorothy Hansine Andersen, Ba'amurkiyar da ta fara fayyace cutar nan ta gado da ake kira sistik faiburosis, kuma tana cikin waɗanda suka fara gwada shaƙa wa masu ita maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Haihuwarta da Karatunta

An haifi Dorothy ranar 15 ga watan Mayu na shekarar 1901 a garin Asheville cikin jihar Karolina ta Arewa. Mahaifinta mutumin ƙasar Danmak ne, ya rasu a 1914, ya bar ta da jinyar mahaifiya marar lafiya. Ita ma mahaifiyar ta rasu a 1920. Maraici bai hana ta neman ilmi ba, domin ta sami digirinta na farko a Kwalejin Mount Holyoke a 1922, sannan ta kammala karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1926.

Burinta shi ne ta zama likitar tiyata. Ta yi aikin sanin makama a wani asibiti na birnin Rochester, amma da ta nemi gurbin ƙwarewa sai aka hana ta saboda ita mace ce. Wannan ne ya sa ta juya ga fannin binciken asalin cututtuka a Jami'ar Kolombiya ta birnin Niyok. A 1935 ta kama aiki a Asibitin Jarirai na can, inda ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Gano Cutar

A wancan zamani likitoci kan ga yara masu zawo mai maiƙo, da rama, da kumburin ciki, sai su ce cutar hanji ce da ake kira siliyak. Yayin da Dorothy take binciken gawar ɗaya daga cikin irin waɗannan yara, sai ta tarar da lahani a fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci. Hanyoyin gaɓar sun toshe, namanta ya zama tabo. Ta koma ga bayanan gawarwakin da aka bincika a baya da rubuce-rubucen likitoci, ta tattara labarin yara 49 masu wannan alama. A 1938 ta buga sakamakon, ta nuna cewa cuta ce dabam, ta kuma raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau.

Daga nan ta fito da hanyar gane cutar tun yaro yana da rai, ta wajen auna ruwan da ake zuƙowa daga farkon ƙaramin hanji. A 1946 ita da Richard Hodges suka nuna cewa gadonta ake yi, kuma sai yaro ya karɓi ƙwayar halitta mai lahani daga uwa da uba duka biyu kafin ta bayyana. Cutar ta fi yawa cikin zuriyar Turawan arewacin Turai, inda kusan mutum ɗaya cikin 25 yake ɗauke da ƙwayar ba tare da yana ciwo ba.

Shaƙar Magani

Ko da yake a fankiriyas aka gano cutar, huhu ne yake kashe yawancin masu ita. Majina mai kauri da danƙo takan cushe hanyoyin numfashi, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, su yi ta cin huhun sannu a hankali. A shekarun farko yawancin yaran ba sa wuce ƙuruciya.

Da penisilin ya samu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Dorothy da abokin aikinta Paul di Sant'Agnese suka yi amfani da shi. Ban da allura, sun sa na'ura tana mayar da ruwan maganin hazo, yaro yana shaƙa kamar mai surace. Sun ba da rahoton wannan gwaji a 1946, wasu yaran kuwa sun sami sauƙi. Hikimar abin ita ce, maganin da aka shaƙa yakan sauka kai tsaye a kan majinar da ƙwayoyin suke ɓoye, da ƙarfin da allura ba ta iya kaiwa, kuma kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini. Sai dai ba a daɗe ba ƙwayar istafilokokas, wadda ita ce babbar abokiyar gaba a lokacin, ta fara bijire wa penisilin.

Har wa yau a asibitin nata aka gano sirrin gumi. Zafin da aka yi a Niyok a 1948 ya galabaitar da yara masu cutar fiye da sauran, abin da Dorothy da Walter Kessler suka bayyana a 1951. Di Sant'Agnese ya bi diddigi, ya nuna a 1953 cewa gishiri ya yi yawa a guminsu. Daga nan ne gwajin gumi ya samo asali.

Halinta da Rasuwarta

Dorothy mace ce da ba ta damu da ado ba, ba ta kuma yi aure ba. Tana da gona a tsaunukan jihar Niyu Jasi, inda take aikin kafinta da gini da hannunta. Ta tara zukatan jariran da aka haifa da lahani, likitocin tiyatar zuciya suka yi koyo da su. Ta zama shugabar sashenta a 1952, farfesa kuma a 1958. Ita dai mashayiyar taba ce ƙwarai, sankarar huhu ta kama ta, ta rasu ranar 3 ga watan Maris na 1963, tana da shekara 61.

Kammalawa

Bayan rasuwarta, wata ƙwaya mai taurin kai da ake kira sudomonas ta zama babbar matsalar huhun masu cutar. A 1981 Margaret Hodson da abokan aikinta a Asibitin Brompton na Landan suka nuna amfanin shaƙa musu magani a kai a kai. A 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo cutar. A 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tobiramaisin na shaƙa, wanda ake shaƙa sau biyu a rana har kwana 28, a huta kwana 28, don rage bijirewar ƙwayoyin. Irin wannan magani idan aka yawaita shi ta allura yakan taɓa ƙoda da ji, shaƙa kuwa tana rage wannan haɗari. A ƙasashen da ake samun kulawa, fiye da rabin masu cutar yanzu manya ne, wasu da aure da 'ya'ya. Hanyar da suke bi kullum safe da yamma, da na'ura a baki, ita ce wadda Dorothy ta fara gwadawa da penisilin a Asibitin Jarirai.